Tarihin Taliya da Romon Naman Sa a Taiwan

Niurou mian, wato taliya da romon naman sa, abinci ne da ake zubawa a kwano mai zurfi: taliyar alkama a ƙasa, romo mai zafi ya shanye kanta, yankan naman ƙwauri da jijiya a sama, sai ɗan dafaffen ganye da lawashin albasa. Babu garin da mutum zai shiga a tsibirin Taiwan ya rasa shagon da ake sayar da ita, kuma in aka tambayi mutanen can abincin da suke tinƙaho da shi, da yawansu ita za su fara ambata. Sai dai sunanta ya fi shekarunta yawa. A kamannin da aka san ta da su yau ba ta girmi shekarun 1950 ba, kuma ta samo asali ne a wurin da akasarin jama'arsa, kafin lokacin, ba sa cin naman sa, alkama kuma ba ita ce cimarsu ba.

Tsibirin da ba ya yanka sa

Manoman Taiwan, waɗanda kakanninsu suka ƙetaro teku daga lardunan Fujian da Guangdong na ƙasar Sin tun daga ƙarni na 17, shinkafa suke nomawa da rake da dankali. Sa da ɓaunar ruwa su ke jan garma a cikin taɓon gonar shinkafa, su ja amalanke, su juya dutsen matse rake. A wurin manomi, dabbar da ta sha wannan wahala dominka shekara da shekaru, ɗora mata wuƙa butulci ne. Dokokin daular Qing ta ƙasar Sin sun hana yanka shanun noma, koyarwar addinin Buddha kuma ta ƙara wa abin nauyi a zukata. Naman gida shi ne alade da kaji da agwagi da kifi. Har yau akwai gidaje, musamman masu tushe a karkara, da jikoki ba sa kai naman sa baki saboda kakansu ya hana.

Mulkin Japan, daga 1895 zuwa 1945, ya ɗan sassauta wannan al'ada a birane, inda aka sami gidajen abinci masu dafa naman sa irin na Japanawa. Amma abin bai wuce ma'aikata da masu hannu da shuni ba.

Baƙin 1949

Da 'yan gurguzu suka ci yaƙin basasar Sin, gwamnatin jam'iyyar Kuomintang ƙarƙashin Chiang Kai-shek ta koma Taiwan a 1949. Mutane sama da miliyan ɗaya suka bi ta, sojoji da ma'aikata da iyalansu, daga kusan kowane lardi na ƙasar. An yi musu matsugunai na wucin gadi kusa da barikoki, waɗanda ake kira juancun, gidaje ne ƙanana a manne da juna, na gora da katako da laka, domin kowa ya ɗauka shekara biyu ko uku za a yi a koma gida. Ba a koma ba. A waɗannan unguwanni matar da ta fito daga Shandong ta zama maƙwabciyar wadda ta fito daga Hunan, ƙamshin tukunyar wannan yana shiga ɗakin waccan, kuma girke-girken da a can gida tafiyar makonni ta raba su suka haɗu a lungu ɗaya.

Bayanin da ya fi karɓuwa game da asalin taliyar mai jan romo shi ne na Lu Yao-tung, malamin tarihi a Jami'ar Ƙasa ta Taiwan, wanda ya yi rubuce-rubuce da yawa a kan abinci. Ya lura cewa shagunan Taipei suna rubuta "irin na Sichuan" a allunansu, alhali a Sichuan ɗin kanta ba a san taliya mai wannan suna ba. Ya danganta ta da garin Gangshan, kusa da Kaohsiung a kudancin tsibirin, inda rundunar sojan sama ta kafa sansani kuma mutanen Sichuan suke da yawa a cikin iyalanta. Waɗannan mutane sun yi kewar doubanjiang, kwaɓin wake da barkono da gishiri da ake bari ya tsimu, wanda shi ne ƙashin bayan girkin lardinsu. Suka shiga haɗa nasu da abin da suka samu, har Gangshan ta yi suna da shi zuwa yau. A ganin Lu, da wannan kwaɓi suka kwaikwayi wani jan farfesun naman sa na birnin Chengdu da ke Sichuan, sannan aka zuba shi a kan taliya, wadda ta fi zama abincin mutanen arewacin Sin. Wannan bayani ya zauna da gindinsa, domin ya nuna dalilin da ya sa abincin yake da ɗanɗanon Sichuan, da taliyar arewa, da zaƙi-zaƙin da harshen mutanen Taiwan ya saba da shi, duk a kwano guda.

Alkamar kuwa daga Amurka ta zo. Tsakanin 1951 da 1965 Amurka ta yi ta tura wa Taiwan tallafi, ciki har da alkama da fulawa masu ɗimbin yawa. Gwamnati na son ta riƙa fitar da shinkafa waje don samun kuɗin musaya, saboda haka ta dage wajen koya wa jama'a cin abincin fulawa. Waɗanda suka taso a lokacin suna tuna gajeren wandon da iyaye mata suke ɗinka wa yara da buhun fulawa, da hoton hannu biyu suna musafaha a jikinsa. Fulawa ta yi araha, tsofaffin sojoji kuma da aka sallama ba su da gona ba su da dangi. Wanda ya iya murza taliya sai ya nemi teburi da murhu da tukunya ya zauna a bakin titi.

Farin romo da Musulmin Sin

Jan romo ba shi kaɗai ba ne. Akwai qingdun, farin romo garai-garai, wanda ba a sa masa kwaɓin wake ko ruwan waken suya mai duhu, sai ƙashi da nama da citta da ɗan kayan ƙamshi, a yi ta kwashe kumfa har ya washe. Wannan reshe yana da alaƙa ta kusa da Musulmin Sin, 'yan ƙabilar Hui, waɗanda tun fil'azal su ne gwanayen fawa da dafa naman sa da na rago a ƙasar da alade ya mamaye kasuwa. Shahararriyar taliyar birnin Lanzhou ma, wadda ake jingina wa wani Musulmi mai suna Ma Baozi a 1915, daga hannunsu ta fito. Musulmi kimanin 20,000 ne suka ƙetaro Taiwan a 1949, cikinsu har da Janar Bai Chongxi, kuma a 1960 aka buɗe Babban Masallacin Taipei. Wasunsu sun buɗe shagunan taliya a tsakiyar birnin, kuma har yanzu akwai masu ɗauke da alamar qingzhen, shaidar abincin halal. Musulmin da ya je Taiwan wannan alama ya kamata ya nema, domin a sauran shaguna ba a tabbatar da yankan ba, ana yawan zuba giyar shinkafa a jan romo, kuma wasu ƙananan abincin da ake ci da taliyar na alade ne.

Labarin taliyar nan yakan karkata ga sojojin Sichuan, a manta da waɗannan mahauta da masu dafuwa, alhali su suka zo da sanin naman sa: wane yanki ke jure doguwar wuta, yadda ake fitar da ƙarni, yadda ake samun romo mai nauyi ba tare da an rufe shi da yaji ba.

Daga bakin titi zuwa shago

A Taipei, titin Taoyuan ya zama matattarar masu wannan sana'a, shago na bin shago, har sunan titin ya koma kamar tambarin inganci, ana ganinsa a allunan shaguna a wasu garuruwan. Shagon Yong Kang, wanda ya fara a 1963, yana nan har yau, ana layi a ƙofarsa. Da tattalin arziki ya bunƙasa a shekarun 1970 da 1980, injin huɗa ya maye gurbin sa a gona, aka fara shigo da daskararren nama daga waje, sai 'yan asalin tsibirin suka shiga ci, daga baya suka shiga sayarwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne in aka tuna irin tsamin da ya kasance tsakaninsu da mutanen gwamnatin Kuomintang, tun daga kisan gillar Fabrairun 1947 zuwa dokar soja da ba a ɗage ba sai 1987. Yau sama da kashi 90 cikin ɗari na naman sa da ake ci a Taiwan daga ƙetare yake zuwa, galibi Amurka da Ostireliya da New Zealand.

Jan romo, hongshao, aikin haƙuri ne. A fara tafasa nama da ƙashi a zubar da ruwan farko. A soya citta da tafarnuwa da albasa, a zuba kwaɓin wake har man ya yi ja, sannan ruwan waken suya da sukari mai ƙanƙara. Kayan ƙamshin sun haɗa da kirfa, da wani mai siffar tauraro, da ƙwayar nan ta Sichuan mai sa leɓe ya ɗan yi zir-zir, wadda itaciyarta dangin fasaƙwari ce. Wasu na ƙara tumatir, har ya zama reshe mai zaman kansa. Daga nan sai ƙaramar wuta ta sa'o'i, har jijiya ta yi laushin da cokali zai raba ta. Taliyar daban ake dafa ta, sai an yi oda, don kada ta jiƙe ta mutu.

A shago na gargajiya, mai ci yakan tarar da takarda da alƙalami a kan tebur, ya yi alama a kan abin da yake so. Zai zaɓi romo, ja ko fari. Zai zaɓi taliya, siririya ko mai faɗi ko wadda ake fiƙewa da wuƙa daga curin ƙulli kai tsaye cikin tafasasshen ruwa, mai kauri a tsakiya da sirantaka a gefe. Zai zaɓi nama, kuma masana sukan ce ban jin ban rou, rabi jijiya rabi tsoka. Kafin kwanon ya iso, sai ya je kanta ya ɗauko ƙananan faranti na kokwamba mai tafarnuwa ko busasshiyar awara ko ciyawar teku. A tsakiyar tebur akwai gwangwanin suancai, yankakken ganye mai tsami, wanda ke karya maiƙon romon, wani wurin kuma har da kitsen sa da aka soya da barkono. Tsinkayen ci a hannu ɗaya, cokali mai zurfi a ɗayan. Wanda ya san abin yakan fara kurɓar romon zalla kafin ya ƙara masa komai, don a nan ake gane hannun mai shago. Akwai kuma kwanon mai ƙaramin ƙarfi, taliya da romo ba nama, wanda ɗalibai da leburori suka daɗe suna rufa wa kansu asiri da shi, kuma a wasu shagunan ƙarin romo kyauta ne.

Suna a duniya

A 2005, lokacin da Ma Ying-jeou yake magajin garin Taipei, hukumar birnin ta fara bikin shekara-shekara na wannan taliya, inda masu dafuwa ke gasa a rukunin jan romo da fari da kuma na sabuwar fasaha. Shagon Niu Ba Ba na Tony Wang ya ja hankalin jaridun duniya da kwano guda na dalar Taiwan 10,000. Da littafin Michelin ya fara fitowa a Taipei a 2018, shagunan taliyar naman sa takwas ne suka shiga jerin Bib Gourmand na abinci mai kyau da sauƙin kuɗi, ɗaya daga cikinsu na halal.

Hanyar da ta fi kai ɗanɗanon nesa kuwa ita ce taliyar leda. A 1992 'yan gidan Wei, 'yan kasuwa daga Taiwan, suka fara yin Master Kong a birnin Tianjin, kuma nau'in da suka fara fitarwa shi ne na jan romon naman sa. Ya karɓu har ya zama abin da matafiya a jiragen ƙasa na Sin suka fi zuba wa ruwan zafi, daga Beijing har Chengdu.