Gidan Nasif na Jidda: Shekara 100 Bayan Saukar Sarki

A watan Disamba na 2025 aka cika shekara 100 da shigar Sarki Abdul'aziz Al Sa'ud birnin Jidda. Da ya shiga a 1925, gidan wani attajiri da ke kan titin Kasuwar Alawi ya zaɓa ya sauka, a can yake karɓar baƙi, yake sauraron jama'a. Wannan gida shi ne Baitu Nasif, kuma har yau yana tsaye daram a tsohon garin da mutanen Jidda ke kira Al-Balad.

Wanda ya gina shi Umar Nasif ne, wakilin Sharifin Makka a Jidda. An ɗora harsashi a 1872, aka kammala a 1881. Lokacin kasuwa ta buɗe wa Jidda, domin an buɗe mashigin Suwes a 1869, jiragen ruwa masu tururi suna ta zuwa da hajoji da mahajjata. Umar ya zuba dukiya ba ƙyashi, ya fitar da gida mai ɗakuna 106.

Maginan sun yi aiki da abin da ƙasarsu ta ba su. Dutsen ginin na murjani ne da ake sarowa daga gaɓar Bahar Maliya, mai sauƙin sassaƙa, amma mai saurin zaizayewa idan aka bar shi a fili. Saboda haka sai su shafe bango da farar ƙasa, sannan bayan kowane 'yan layukan dutse su shimfiɗa katako a kwance, kamar yadda maginanmu ke ɗaure soro da azara, don nauyin bene ya rarrabu kada bango ya tsage. A fuskar gidan akwai rawashin, wato tagogin katako masu turowa waje da aka yi wa ƙananan ƙofofi da sassaƙa. Iskar teku na shiga ta cikinsu, zafin rana na tsayawa a waje, matan gida kuma suna kallon kasuwa ba wanda ya gan su. A ƙarƙashin ƙasa an haƙa matattarar ruwan sama, abu mai daraja a garin da ruwan sha ke wuya. Matakalar kuwa an yi ta da faɗi da sauƙin hawa, har ana cewa raƙumi na hawa da kaya zuwa saman bene. A ƙofar gida ga bishiyar darbejiya, wadda ta sa mutanen gari ke ce masa gida mai bishiya a zamanin da bishiya ta yi ƙaranci a Jidda.

Zamanin da gidan ya fi haske shi ne na jikan Umar, Shaihu Muhammad Nasif, wanda ya karɓi baƙuncin Sarki. Malami ne mai son littafi, ya tara kusan littattafai 16,000, ya ɗauki nauyin buga wasu, ƙofarsa kuma a buɗe take ga malaman da suka zo aikin hajji daga ko'ina. Ya rasu a 1971, littattafansa suka koma Jami'ar Sarki Abdul'aziz.

Bayan rushe ganuwar Jidda a 1947 da zuwan arzikin mai, manyan iyalai sun koma sababbin unguwanni, tsofaffin gidaje da dama suka lalace. Gidan Nasif ya tsira, domin gwamnati ta saye shi a 1975, daga baya ya zama gidan tarihi da cibiyar al'adu. A 2014 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Jidda cikin wuraren tarihi na duniya, da sunan Ƙofar Makka.

Dubban alhazanmu daga Nijeriya da Nijar suna ratsa Jidda kowace shekara, mafi yawansu iyakarsu filin jirgi da kantunan tsaraba. Ya dace hukumomin alhazai da masu shirya umara su sa Al-Balad cikin tsarin ziyara. Maginanmu da masu kula da tsofaffin gidajen Kano, Zariya, Katsina da Agadas za su ga yadda ake gina gida mai sanyi ba tare da na'ura ba, da yadda gwamnati ke saye tsohon gini ta gyara shi tun bai faɗi ba.