Juri da Ladan Zamansa a Gana: Ina Mutanen Zango?

Gabatarwa

Wannan takarda za ta dubi wani tsarin shari'a da Turawan Ingila suka bari a ƙasar Gana, wato juri, da kuɗin da ake biyan masu zamansa, da yadda abin ya shafi mazauna zangunan birnin Akara irin su Nima da Mamobi. Ya kamata ɗalibi ya lura tun farko cewa Hausa ba ta da kalma tata ta wannan abu. Wasu kan fassara shi da "muhutai", amma a ganina wannan bai dace ba. Muhuti malami ne da ke taimaka wa alƙali da ilminsa, hukunci kuwa na alƙali ne. 'Yan juri talakawan gari ne da ba su karanci shari'a ba, kuma su ne ke cewa wanda ake tuhuma ya yi laifi ko bai yi ba. Saboda haka za mu ari kalmar yadda take.

Asalin Tsarin

A shekarar 1876 Turawa suka kafa Kotun Ƙoli ta Gwalkwas, kamar yadda Hausawa ke kiran ƙasar a da, a 1877 kuma suka mai da hedkwatarsu Akara. Kafin nan akwai Hausawa a garin, musamman sojojin da suka yi wa Turawa yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Fatake sun ƙaru bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, wanda ya watsa babbar kasuwar goro ta Gwanja. Nima kuwa ta zo daga baya, wajen farkon shekarun 1930, a hannun Malam Amadu Futa.

Juri bai game ƙasar ba a zamanin Turawa. Yana aiki a bakin teku, amma ba ya aiki a Asante. A 1928 an gurfanar da wani likita Bature, Benjamin Knowles, a Kumasi bisa zargin kashe matarsa, aka yanke masa hukuncin kisa ba juri ba lauya. Maganar ta tayar da ƙura har Ingila, inda aka soke hukuncin. Abin lura shi ne, 'yan ƙasa sun daɗe suna fuskantar irin wannan shari'a tun kafin ta faɗa kan Bature.

Bayan Mulkin Kai

Dokar da ke tafiyar da juri ita ce Doka ta 30 ta shekarar 1960, kan hanyoyin shari'ar laifuka. Ta ce mutum bakwai ne za su zauna. Tsarin mulki na 1992 ya ƙara tabbatar da cewa laifin da hukuncinsa kisa ne ko ɗaurin rai da rai, ban da cin amanar ƙasa, alƙali da juri ne za su saurare shi. Wanda zai zauna kuwa sai ya kasance tsakanin shekara 25 da 60, mazaunin Gana, mai jin Ingilishi.

Wannan sharaɗi na ƙarshe ya rufe ƙofa ga dattawan zango da yawa. Harshen kasuwa da masallaci a Nima Hausa ne, ko da a bakin Zabarmawa da Kotokoli da Mosi, kuma iyaye da dama sun daɗe suna fifita makarantar allo a kan boko. Malamin da ya sauke littattafan fiƙihu, wanda ke raba gado da sasanta ma'aurata a zaurensa, bai cancanta ba a idon wannan doka in ba ya jin Turanci.

To, yau matasan zango sun yi boko, shingen harshe ya ragu. Wanda ya rage shi ne na kuɗi, kuma shi ne ya fi tsauri. Tun zamanin da, Girkawan Atina suka gane cewa talaka ba zai bar sana'arsa ya zauna kotu a banza ba, shi ya sa Farikilis ya sa a riƙa biyan masu zaman shari'a. A Amurka kotunan tarayya na biyan dala 50 a rana tun 2018, kowace jiha kuma tana da nata farashin. A Gana alawus ake bayarwa, yana fitowa daga baitulmali ta hannun hukumar shari'a, kuma yakan yi watanni bai iso ba. A shekarar 2024 'yan juri a Akara suka ƙaurace wa kotu saboda bashin alawus na watanni da suke bi, shari'o'in kisa suka tsaya cik, waɗanda ake tuhuma suka ci gaba da zama a tsare.

Mu ɗauki shari'ar Manjo Maxwell Mahama, sojan da gungun mutane suka kashe a Denkyira-Obuasi a watan Mayu 2017. Sai a watan Janairu 2024 juri ya sami mutum 12 daga cikin 14 da laifi. Wane mahauci ne a kasuwar Nima, ko wace mai sayar da wake da shinkafa a Mamobi, za ta riƙa rufe sana'arta tana zuwa kotu shekara da shekaru, tana jiran kuɗin da ba ta san ranar zuwansa ba? Ma'aikacin gwamnati ne kaɗai zai iya, domin albashinsa na tafiya ko yana ofis ko yana kotu. Shi ya sa akasarin 'yan juri daga ma'aikatun gwamnati aka daɗe ana ɗebo su. Ke nan idan saurayi ɗan zango ya tsaya gaban kotu, da wuya ya ga wanda ya san zaman unguwarsu a cikin mutum bakwai ɗin nan, alhali manufar juri ita ce tsaran mutum su yi masa hukunci.

A watan Yuli 2023 majalisar dokokin Gana ta soke hukuncin kisa kan laifuka irin su kisan kai, ta maye gurbinsa da ɗaurin rai da rai. Wanda ya gabatar da ƙudurin shi ne Francis-Xavier Sosu, ɗan majalisa mai wakiltar Madina, inda akwai babban zango. Sauyin bai fitar da waɗannan shari'o'i daga hannun juri ba, tunda tsarin mulki ya haɗa da ɗaurin rai da rai a cikin aikinsa.