Daga Jaji zuwa Padua: Yadda Aka Gano Murar Tsuntsaye

A watan Janairun 2006 kaji suka fara zubewa dubbai a wata babbar gona da ke Jaji, a jihar Kaduna. Da fari an yi ta zargin cututtukan da aka saba gani, domin alamomin murar tsuntsaye kusan ɗaya suke da na cutar Newcastle: kasala, zawo, mutuwar farat ɗaya. Ido kaɗai ba ya bambance su.

Sai da samfurin da aka ɗauka daga kajin ya bi ta cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, ya dangana da ɗakin gwaji na Padua a Italiya, kafin a sanar a ranar 8 ga Fabrairu cewa murar tsuntsaye ce nau'in H5N1, karon farko a nahiyar Afirka. Makonnin nan na jira sun yi tsada, don kasuwannin kaji ba su tsaya ba. Kafin watan ya ƙare an tabbatar da cutar a Magaria ta Nijar.

Yau likitan dabbobi kan dangwalo majinar kaza, ya ɗiga a ɗan tsinken gwaji, cikin minti 20 ya ga alama. Tabbatarwa dai har yanzu sai da gwajin PCR, wanda Vom ke yi a gida.