Yadda Bariki Ya Fita Daga Hannun Soja

A shekarar 1863 wani hafsan sojan ruwan Ingila, John Glover, ya tara wasu Hausawa a Legas, da yawansu bayi ne da suka gudo, ya ɗora musu bindiga. Nan ne tushen sojan Najeriya. Da Lugga ya kafa rundunar Afirka ta Yamma a 1897, Hausa ce harshen da dakaru ke ji da juna. Hafsoshi Turawa na fama da koyon ta, su kuma dakaru na lanƙwasa Turanci yadda bakinsu zai ɗauka: soja, kofur, saje, samanja, fareti. Duk cikinsu babu wadda ta yi nisa kamar barracks, wadda ta koma bariki.

Da farko gidajen kwanan soja kawai take nufi. Amma bayan an ci Kano da Sakkwato a 1903, Turawa ba su zauna cikin birni ba, sai suka yada zango a bayan ganuwa, kamar Nasarawa da Bompai a Kano. Mutanen gari ba su tsaya rarrabewa ba. Sansanin soja, gidan Razdan, masaukin Bature mai rangadi, duk bariki ne. Da aka buɗe haƙar kuza a ƙasar Jos, sansanonin leburori ma suka ɗauki sunan, ga Barikin Ladi nan har yau.

Su wa ke zaune a can? Kuku, boyi, masinja, tafinta, lebura, da matan da suka biyo su ko suka gudo daga auren da ba sa so. Ba uba kusa, ba mai unguwa, ba wanda ya san asalin wani. Albashi na zuwa ƙarshen wata, giya ba a ɓoye take ba. Har wata gurguwar Hausa ta tsiro a tsakanin sojoji, ana kiran ta Barikanci.

Wannan zama ne ya rina kalmar. Yau in an ce wane ɗan bariki ne, ana nufin idonsa a buɗe yake, ba a cutarsa, wani lokaci har da ɗan yabo a ciki. In kuwa aka ce wance ta shiga bariki, an gama da mutuncinta ke nan, kuma wannan bambanci yana ci mini rai. Wuri ɗaya suka zauna, yunwa ɗaya ta kai da yawansu, amma namiji ya fito da sunan wayo, mace ta fito da tabon da har 'ya'yanta ake yi wa gori da shi.