Babakeren manyan kamfanonin fasaha: abin da doka ta hana da yadda ake muhawara a kai

Babakere a kasuwa shi ne kamfani ya yi ƙarfin da zai gindaya farashi da sharuɗɗa ba tare da shakkar abokan gasa ba. A dokokin Tarayyar Turai da na Amurka, girman kamfani kaɗai ba laifi ba ne. Abin da ake hukuntawa shi ne amfani da wannan ƙarfi wajen toshe wa wasu hanya. Wannan bambanci yakan ɓace idan gardama ta yi zafi a intanet kan Google, Apple ko Meta.

Manyan shari'o'i

A 2017 Hukumar Tarayyar Turai ta ci tarar Google yuro biliyan 2.42 saboda fifita sashensa na kwatanta farashin kaya a sakamakon bincike, kuma kotun ƙolin Tarayyar ta tabbatar da hukuncin a 2024. A 2018 aka sake cin sa tarar yuro biliyan 4.34 kan tilasta wa masu ƙera wayoyin Android sanya manhajojinsa, sai dai kotu ta rage kuɗin zuwa biliyan 4.125 a 2022. Tara ta uku, ta yuro biliyan 1.49 kan tallace-tallace a 2019, kotu ta soke ta a 2024.

A Amurka, alƙali Amit Mehta ya yanke hukunci a watan Agustan 2024 cewa Google ya riƙe kasuwar bincike ba bisa ƙa'ida ba. A shari'ar aka bayyana cewa a 2021 kamfanin ya biya dala biliyan 26.3 don manhajarsa ta bincike ta zo a saite cikin wayoyi da manhajojin shiga intanet.

Turai ta kuma kafa dokar kasuwannin intanet da ake kira DMA. A ƙarƙashinta, a 2023 aka ayyana Alphabet, Amazon, Apple, ByteDance, Meta da Microsoft a matsayin masu riƙe da ƙofar kasuwa. Tarar karya dokar tana iya kai kashi 10 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya. A watan Afrilun 2025 aka ci tarar Apple yuro miliyan 500, Meta kuma miliyan 200.

Batun ya iso yankinmu: a watan Yulin 2024 hukumar kula da gasa da kare masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta ci tarar Meta dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan masu amfani da Facebook da WhatsApp.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu kare kamfanonin suna cewa ingancin aiki ne ya jawo musu jama'a, kuma yawancin hidimomin kyauta ne. Masu suka suna cewa da bayanan mutum ake biya, kuma sayen abokan gasa yana rage zaɓi, kamar yadda Facebook ya sayi Instagram a 2012 da WhatsApp a 2014. Ga ɗan kasuwar da duk cinikinsa yake tafiya ta manhaja ɗaya, sauyin sharaɗi guda yana iya raba shi da abokan ciniki.

Ladabin muhawara

Mai tsoma baki ya bambanta zargi da hukunci da ɗaukaka ƙara, domin tarar 2019 ta nuna kotu tana iya rushe abin da hukuma ta yanke. Ya faɗi ƙasa da shekara, tun da dokar Turai ba ta aiki a Yamai ko Garwa. Ya tantance adadi kafin ya tura saƙon murya ga jama'a. Ya amsa hujjar abokin gardama maimakon kiransa ɗan koren kamfani, domin zagi ba ya tabbatar da babakere, ba ya kuma wanke kamfani.