Kufan Ma'adinai na Riruwai da Darasin da ke Cikinsa

Matafiyin da ya bar birnin Kano ya nufi kudu zai ratsa ƙasar Bebeji, inda madatsar ruwa ta Tiga take, ya karya a Kwanar Ɗangora cikin ƙasar Ƙiru, ya wuce Tudun Wada, sa'an nan ya kutsa dajin Falgore, wanda a da ake kira gandun dajin Kogin Kano. Bayan daji sai duwatsun Riruwai, cikin ƙasar Doguwa. A gindinsu ne zai tarar da abin da ya rage na wata babbar mahaƙar kuza: ramukan da suka cika da ruwa, da ƙarafan da tsatsa ta ci. Garin Riruwai kansa yana nan da mutanensa, har shi ne hedkwatar ƙaramar hukumar Doguwa. Mahaƙar ce ta zama kufai.

Ba Turawa ne suka fara gano kuza a wannan wuri ba. Tun kafin zuwansu mutanen Riruwai sun shahara wajen wanke kuza daga yashin rafuka, su narke shi, su zuba shi siri-siri kamar tsinke, fatake su saya su kai kasuwanni. Yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 suka sa wasunsu suka ƙaura zuwa ƙasar Bauci, inda aka san mazauninsu da Riruwen Dalma. Irin wannan kuza da Turawan kamfanin Neja suka gani a hannun 'yan kasuwa shi ya sa suka bi sawunsa, har a farkon ƙarni na 20 suka kafa haƙar kuza a tsaunukan Jos. Daga nan sana'ar manarka ta gargajiya ta durƙushe.

Bayan da aka kafa Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Nijeriya a 1972, sai aka dukufa wajen buɗe mahaƙa ta ƙarƙashin ƙasa a Riruwai, domin akwai wata jijiyar dutse mai tsawon kusan kilomita 5 wadda ke ɗauke da kuza da tutiya. Aka haƙa rami mai zurfi, aka kawo injuna, ma'aikata suka taru. Amma cinikin kuza ba a Kano ake yanka shi ba. A watan Oktoba na 1985 Majalisar Kuza ta Duniya ta kasa biyan basussukanta, aka dakatar da cinikin kuza a kasuwar ƙarafa ta Landan, farashi ya faɗi da kusan rabi. Mahaƙa mai zurfi, wadda sai an yi ta janye mata ruwa dare da rana, ba ta jure irin wannan faɗuwa. Aikin Riruwai bai sake tashi yadda aka tsara shi ba.

Irin wannan ya faru a wasu ƙasashe. Alal misali, garin Rhyolite da ke hamadar Nebada a Amurka, kusa da gandun ƙasa na Death Valley, an kafa shi a 1905 saboda zinariya, amma kafin 1920 ya watse. Haka kuma Kolmanskop a Namibiya, wanda lu'ulu'u ya kafa a 1908, an bar wa yashi shi a shekarun 1950. Bambancin shi ne, waɗannan kufai an adana su, baƙi suna zuwa kallo, ana karantar da tarihinsu.

Abin lura a nan shi ne, Riruwai ta rayu ne domin mutanenta ba su saki fartanya ba lokacin da suka kama diga. To, amma tsofaffin da suka yi aiki a cikin ramin suna ƙarewa, kuma muddin ba a rubuta abin da suka sani ba, za a wayi gari da kufai wanda babu mai iya ba da labarinsa. Wannan aiki ne da ya rataya a wuyan ɗaliban tarihi na jami'o'in Kano.