Gadon Masu Haɗa Layi

Ranar da na fara koyon jan kebul, maigidana bai bar ni na kusanci kwamfuta ba. Dattijo ne da ya yi aikin tarho tun zamanin P&T har ya ga NITEL. Ya zaunar da ni a kan kwali, ya miƙo mini guntun kebul mai kaurin babban yatsa, ya ce, "Ɗana, fere wannan ka jera mini." Na fere, wayoyi hamsin suka bazu a hannuna kamar zaren masaƙa. Ya sa na haddace launuka goma: fari, ja, baƙi, rawaya, shunayya, sannan shuɗi, ruwan lemo, kore, ruwan ƙasa, ruwan toka. Biyar na farko a auna su da biyar na baya, an sami tagwaye ashirin da biyar, babu mai kama da wani. Daga baya na san cewa tsarin kamfanin Bell na Amurka ne, kuma tagwaye huɗun da ke cikin kebul ɗin intanet na yau su ne huɗun farko a jerin: shuɗi, lemo, kore, ruwan ƙasa, kowanne da farinsa.

Sana'armu ɗiyar tarho ce, duk da matasan cikinta da dama ba su taɓa riƙe tarhon tebur ba. A watan Janairun 1878 aka buɗe ofishin haɗa layin tarho na kasuwanci na farko a garin New Haven da ke jihar Connecticut, da abokan hulɗa 21. George Coy, wanda ya ƙera allon, da ƙusoshin keken doki da marikan murfin butar shayi ya haɗa shi. Dabarar dai ita ce wayar kowane gida ta zo ta tsaya a allo ɗaya, in mutum yana neman wani, sai mai tsaron allon ya sada layukan biyu. Da farko samari aka ɗauka aikin, amma rashin ladabinsu ga masu kira ya sa aka koma ga mata, kuma Emma Nutt ce ta fara a Boston a watan Satumbar wannan shekarar. Ba a jima ba allon ya zama jerin ramuka, ga gajerun igiyoyi masu fulogi a kowane baki. Kalmar "jak" da muke faɗa kullum ta samo asali ne daga wani makunni da Charles Scribner na kamfanin Western Electric ya ƙera, mai naɗewa kamar wuƙar aljihu. Fulogin nan mai kaurin rubu'in inci da mawaƙa ke sokawa a jita, daga wancan allon ya fito.

A 1891 Almon Strowger, mai sana'ar shirya jana'iza a Kansas City, ya yi rajistar na'urar da ke haɗa layi ba tare da hannun mutum ba, sannu a hankali aikin matan ya ƙare. Amma allon bai mutu ba. Duk ofishin tarho ya ci gaba da ajiye wuri guda inda wayar da ta fito daga titi ke tsayawa, wadda ta fito daga inji ma ta tsaya, gajeriyar waya ta sada su. A ganina wannan ce ƙirƙira mafi girma a fagenmu, ko da yake ba ta da sunan mutum ɗaya a kanta: doguwar waya da aka binne a bango a bar ta inda take har abada, duk canjin da za a yi, a yi shi da gajeriya. Abin da muke kira faci-fanel ke nan, allo mai ramuka 24 ko 48 da ke ɗakin saba. Hatta faɗinsa gado ne. Rak mai inci 19 kamfanin AT&T ne ya tsayar da shi wajajen 1922 don kayan layin nesa, kuma har yau da shi ake auna suwic da saba a duk duniya.

Ƙirƙira ta biyu ita ce murɗa. Layukan farko waya ɗaya ce, ƙasa ke mayar da wutar, don haka suna kwasar hayaniyar duk wata wayar lantarki da ke kusa, har a riƙa jin hirar maƙwabta. A 1881 Alexander Graham Bell ya yi rajistar waya biyu da aka murɗe da juna kamar tufkar igiya. Hayaniyar waje tana faɗa wa biyun daidai wa daida, na'urar da ke karɓa kuma bambancin da ke tsakaninsu take karantawa, sai hayaniyar ta soke kanta. In ka fere kebul ka duba da kyau, za ka ga murɗar shuɗi ba ɗaya take da ta lemo ba. Da gangan aka bambanta su don kada tagwayen su riƙa jin juna. Shi ya sa maigidana ba ya yafe wa wanda ya warware murɗa a bayan allo fiye da milimita 13. Yakan kama tagwayen tsakanin yatsu biyu, ya kwantar da su a tsagar ƙarfen da murɗarsu, ya danna abin bugawa, ka ji "ƙas", ragowar wayar ta faɗi ƙasa. Wannan tsagar ma ƙirƙira ce. Kafin ta, sai an fere kowace waya an naɗa a ƙusa ko an liƙe da dalma. Bell ta fito da bulok 66 a 1962, mai ƙarfen da ke yanka roba da kansa ya ciji jan ƙarfen, daga baya bulok 110 ya biyo. Mu kuwa na kamfanin Krone na birnin Berlin muka fi sabawa da shi, har abin bugawar ma "kuron" muke ce masa.

Da kwamfuta ta zo, sai ta ɗauki wata hanya daban. Robert Metcalfe ya tsara Ethernet a 1973 a cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto, kuma kebul ɗinsa guda ne dogo da kowa ke rataye a jikinsa. Mai kaurin, wanda galibi rawaya ne, yana kai mita 500, an yi masa alama duk bayan mita biyu da rabi, sai a huda shi a kan alamar a maƙala na'ura. Siririn da ya biyo baya mita 185 ne iyakarsa. Na riski wannan siririn a wani ofishi a farkon aikina, kuma ban manta wahalarsa ba. Wani ma'aikaci ya ja teburinsa don ya samu iskar fanka, mahaɗa ɗaya ta saki, kwamfutoci goma sha biyu suka daina ganin juna. Muka bi kebul ɗin da rarrafe, tebur bayan tebur, tun hantsi har la'asar, domin babu wani wuri guda da za ka tsaya ka ga inda matsalar take.

Maganin shi ne komawa gidan jiya. A 1990 aka amince da 10BASE-T, wato Ethernet a kan murɗaɗɗiyar wayar tarho, kowane tebur da layinsa zuwa tsakiya. A 1991 ƙa'idar 568 ta fito a Amurka ta ce doguwar waya kada ta wuce mita 90, gajerun igiyoyin ɓangarorin biyu kuma mita 10, jimla 100. Daga nan gini ya zama ana iya ja masa waya tun ba a san kwamfutar wane kamfani za a saya ba.

Sai dai gado yakan zo da bashinsa. Kan da kowa ke kira RJ45 daga dangin soket ɗin tarho ya fito, inda layi na farko ke tsakiya, na biyu ya kewaye shi. Dalilin ke nan da a jerin B na ƙa'idar 568, bayan fari-lemo da lemo da fari-kore, sai shuɗi da fari-shuɗi su shiga tsakani kafin kore ya zo. An raba tagwaye a fil na 3 da na 6, a daidai wurin da murɗa ta ƙare. A zamanin murya wannan bai dami kowa ba. Da gudu ya ƙaru, daga Cat5 mai megahaz 100 zuwa Cat6 mai 250 da Cat6A mai 500, wurin ya zama mashigar hayaniya. Injiniyoyi ba su canza kan ba, domin ya riga ya cika duniya; sai suka ɓoye ɗan allon lantarki a bayan kowane rami, mai haifar da kishiyar hayaniyar don ta kashe ta. Faci-fanel mai kyau da na banza daga gaba kamarsu ɗaya, bambancin yana nan a baya inda mai saye ba ya dubawa.

Tun 2003 ƙa'ida ta amince kebul ɗin ya riƙa ɗaukar wuta tare da bayanai, wat 15 da ɗoriya a farko, zuwa 2018 har wat 90. Kyamarorin tsaro da na'urorin Wi-Fi da ke manne a silin daga nan suke ci. Wannan ne ya tona asirin jabun kebul da ya cika kasuwa, wanda cikinsa alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. Abin yana ci mini rai, domin mai gini ya biya kuɗin gaske, kuma sai an rufe silin an yi fenti matsalar ke bayyana. Bara aka kira ni wata makaranta inda kyamarorin nesa ke mutuwa da dare, lokacin da fitilunsu ke kunnuwa su ƙara jan wuta. Na ciro layi ɗaya daga bayan allo, na kankare shi da wuƙa a gaban shugaban makarantar, jan ya tafi, fari ya fito. Ya ce, "Malam, duka haka suke?" Na ce, "Ranka ya daɗe, sai mun duba." Muka kankare guda 32, biyar kacal suka zama jan ƙarfe. Mako biyu muka yi a cikin silin muna zare tsofaffin muna jan sababbi, kowane layi da lambarsa a baki biyu, aka manna taswirar a cikin ƙofar rak.